Waya kawai gare ni, tsuntsayen kuma ba sa tsayawa: kyamara zan saya ko me?

Mai Kurciya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan da wannan abu ya shiga raina. Akwai wata bishiya a bayan ɗakina, kullum da sassafe kurciyoyi da gwara na taruwa a kanta, wani lokaci har cilakowa takan leƙo. Na ɗauki hotuna sun fi ɗari biyu da wayata, amma ko ɗaya babu wanda zan iya nuna wa mutum ba tare da na sa yatsa na ce "ga tsuntsun nan" ba. In na matsa su tashi. In na tsaya nesa na yi zumin, hoton ya fito dishi-dishi kamar an shafa masa mai. Na fara tara kuɗin kyamara, amma kafin in jefa kuɗina a rijiya na ce bari in tambayi manya. Wace iri ce ta dace da ɗan koyo?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kafin maganar saye, bari mu yi ɗan lissafi, don ka san inda matsalar take. Babbar kyamarar yawancin wayoyi faɗin ganinta daidai yake da gilashin kyamara mai milimita 26 ko kusa da haka (yawan milimita, yawan jawo abu kusa). In ka tsaya mita 10 daga bishiya, abin da ke shiga hoton daga hagu zuwa dama ya kusa mita 14. Kurciya kuwa daga baki zuwa jela ba ta wuce santimita 25 ba. Ka ga ko kashi 2 cikin 100 na faɗin hoton ba ta ci ba. A hoto mai ɗigo 4000 a kwance, rabonta ɗigo 70 ne da 'yan kai. Zumin ɗin da kake yi da yatsu biyu ba ya ƙaro komai, waɗannan ɗigo 70 ɗin yake buɗawa su cika fuskar waya. Shi ya sa kake ganin man shafawa.

Mai Kurciya: Ikon Allah. Wato ba hannuna ne ke rawa ba ke nan.

Injiniya: Hannun ma yana nasa, amma ba shi ne babban mai laifi ba.

Sarkin Zumudi: Ƙanena kada su ɓata maka lokaci da lissafi. Nemi Nikon P900 ko da ta hannu ce. Zumin ninki 83, daidai da milimita 2000. Tun 2015 ta fito amma har yau tana aiki. Ni da ita nake ɗauko shirwa a kan dogon ƙarfen sabis, har ƙwayar idonta. Magana ta ƙare.

Anti Malama: Magana ba ta ƙare ba, Sarki. Ka faɗa masa abin da take yi da asuba mana.

Sarkin Zumudi: To, Anti, kowace kyamara da halinta.

Anti Malama: Halinta shi ne farantin da ke karɓar haske a cikinta ɗan mitsitsi ne, bai fi na wayar kirki ba. Da rana tsaka ba laifi. Amma lokacin da tsuntsaye suka fi motsi, wato daga fitowar rana zuwa awa biyu bayanta, haske bai yi ƙarfi ba tukuna, sai hoton ya fito da yashi-yashi, gashin tsuntsu ya dame. Sannan a milimita 2000 ko numfashi ka ja tsuntsun ya fice daga hoto. Na riƙe irinta shekara biyu, ba labari aka ba ni ba. Ba na kushe ta, don gano wane tsuntsu ne can nesa ta yi. Amma shi wannan bawan Allah tsuntsayensa a bayan ɗakinsa suke.

Baba Mai Hoto: Ɗana Mai Kurciya, ina da tambaya. Tsuntsayen nan naka, a ina suke shan ruwa?

Mai Kurciya: Wallahi Baba ban taɓa lura ba.

Baba Mai Hoto: To daga nan za mu fara, kuɗinka kuma su ci gaba da kwana a inda suke. Na fara ɗaukar tsuntsaye tun zamanin fim, lokacin da hoto 36 ne a naɗi guda, sai an wanke ka san ko ka samu ko ka yi asara. Abin da shekarun nan suka koya mini shi ne wanda ke bin tsuntsu jelarsa kawai yake samu. Kai za ka zauna, shi ya zo.

Samo faranti mai faɗi, marar zurfi. Ruwan kada ya wuce gaɓar yatsa biyu, ƙananan tsuntsaye ba sa shiga inda ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa. Sa dutse ɗaya a tsakiya wanda kansa ya fito waje. Ajiye shi a inda kai kake so, ba inda ya faɗa ba: wurin da ranar safe za ta zo ta bayanka ta haska shi, kuma bayan farantin babu bango ko bokiti ko igiyar shanya kusa. In bayan ya yi nisa, ko da mita 3 ko 4 ne, zai narke a hoto, tsuntsun ya fito shi kaɗai. Sai ka kafa busasshen reshe guda a gefe, tsayin gwiwa zuwa ƙugu. Tsuntsu ba ya faɗawa ruwa kai tsaye, sai ya sauka a wani wuri ya duba hagu ya duba dama. Wannan reshen shi ne ɗakin hotonka. Farantin ma ba dole ya fito ba.

In kana da tsohuwar gora, huda ta da allura ka rataye a sama ta riƙa ɗiga cikin farantin. Ƙarar ɗigon da ƙyallin ruwan suna kiransu fiye da ruwa mai kwance.

Sai haƙuri. Kwana uku, huɗu, wani lokaci mako, ba za ka ga kowa ba. Kada ka matsar da farantin.

Injiniya: Baba ya kawo mu inda nake so. Mu koma lissafin nan. Wayar da ta ba ka ɗigo 70 a mita 10, in ka jingine ta rabin mita daga reshen, faɗin abin da take gani bai wuce santimita 70 ba. Kurciya ta ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na hoton. Ni gilashina milimita 300 ne, a kan kyamarar da ke ninka shi sau 1.5, ya zama 450. A mita 10 faɗin da nake samu santimita 80 ne. Wato wayarka a bakin faranti ta ɗan fi kayana a mita 10. Abin da ya rage shi ne kai ka ɓace daga wurin. Ɗan rimot na Bluetooth irin na masu ɗaukar kansu hoto yana kaiwa wajen mita 10 in babu bango mai kauri a tsakani. Ka zauna a ɗaki kana leƙe ta taga kana dannawa.

Maman Biyu: Ni rimot ɗin nan ya ba ni haushi. Kafin ya isar da saƙo tsuntsu ya juya ƙeya. Abin da nake yi yanzu, ina kunna bidiyo na 4K in bar wayar ta yi ta ɗauka, in tafi in gama aikina. Daga baya in zauna in bi a hankali in ciro hoton da nake so. Kowane ɗaya yana kai megafiksil 8, ya ishi a nuna wa mutane har a buga ƙarami. Abu biyu dai: ka kashe ƙarar waya, don ranar farko kira ya shigo ya tarwatsa min taro, kuma ka yi mata inuwa, in ba haka ba ta yi zafi ta kashe kanta. Ga cin wuri kuma, sai kana gogewa.

Sarkin Zumudi: Wato yanzu an mayar da ɗaukar hoto tarko. A ɗana a tafi a dawo.

Maman Biyu: Mai 'yan biyu ba ta da awa uku na zama a gindin bishiya, Yaya.

Baba Mai Hoto: Ai ɓuya ita ce asalin sana'ar. A Ingila an yi wasu 'yan uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, tun ƙarshen shekarun 1800 suke wannan aiki. Har bijimin ƙarya suka sa aka yi musu, fatar bijimi ta gaske a kan katako, cikinsa fayau, mutum ya shige da kyamara ya leƙo ta ƙirji. Ku kuwa labulen taga ya ishe ku. Kafin su ma, a 1884, wani Bajamushe Ottomar Anschütz ya ɗauki hotunan shamuwar Turai tana tashi da sauka, a lokacin da yawancin masu hoto sai an tsaya cak suke iya ɗauka. A kusa da sheƙarsu ya kafa kayansa ya jira.

Ɗan Auta: Baba ni ina da kyamara ta yayana, amma hotuna na tashi ba sa fita. Fukafukai sai su zama kamar hayaƙi.

Injiniya: Saurin ƙiftawar kyamarar ne ya yi ƙasa. Tsuntsu a zaune, 1/500 na daƙiƙa ya isa in ba ya yawan motsi. Ƙanana masu zillo irin gwara ka kai 1/1000. Mai tashi kuwa daga 1/2000 zuwa sama, tsattsewa ma ta fi son 1/3200 ko 1/4000. Ka buɗe ƙofar haske iyakarta, f/5.6 ko abin da gilashin ya ba ka, ka bar ISO, wato ma'aunin yadda kyamarar ke jin haske, ya hau da kansa. Mutane na tsoron ISO 1600 ko 3200 saboda yashi. Yashi ana rage shi a kwamfuta, hoton da ya girgiza kuwa ba shi da magani.

Anti Malama: Ƙari a kan na Injiniya, ka koyi alamun tashi. Tsuntsu yakan fuskanci iska kafin ya tashi, don haka in iska na bugun bayanka zai taso ta wajenka. Da yawa sukan ɗan duƙa, wasu su yi kashi tukuna. Da ka ga haka ka danne maɓallin ɗauka a jere. Alhudahuda kuma a daidai lokacin da ta sauka take buɗe tukkunta, daƙiƙa ɗaya ko biyu ta naɗe. In ka jira sai ta natsu ka makara.

Ga wani abu da ke faranti ma: kurciya da hasbiya suna tsoma baki su zuƙi ruwa ba tare da ɗaga kai ba, yawancin sauran tsuntsaye kuwa sai sun ɗiba sun ɗaga kai sama ruwan ya gangara. Don haka hoton gwara da ɗigon ruwa a baki yana da sauƙi, ita kurciya ka jira lokacin da ta gama ta ɗago.

Ɗan Auta: Balbela fa? Kullum fara fat take fita, ba a ganin gashi.

Anti Malama: Rage haske da mataki ɗaya, wato −1, wani lokaci fiye. Kyamara na auna duhun ciyawar da ke bayanta ne sai ta ƙone farin. Hankaka ya fi wahala, baƙi da fari a jiki ɗaya. Shi sai da sanyin safiya ko ranar da gajimare ya rufe.

Sarkin Zumudi: Tunda ana maganar kusanci, ga nawa na jiya. Sheƙar kurciya a bishiyar gidanmu, 'ya'ya biyu, ko gashi ba su gama fitarwa ba. Da tsani na hau. Rassa biyu ne suka tare haske na datse su, kun ga yadda ya fito tas. Waya ce ma ba P900 ba.

Maman Biyu: Kai, abin tausayi, ji bakinsu.

Anti Malama: Sarki, don Allah ka ce wasa kake game da rassan.

Sarkin Zumudi: 'Yan ƙanana ne Anti. Uwar ma ta dawo bayan na sauka, da idona na gani.

Anti Malama: Bayan minti nawa? Rassan nan da suka tare maka haske, saboda su ta zaɓi wurin. Su ne inuwar 'ya'yan, su ne labulensu daga hankaka da shirwa. Ɗan tsuntsun da bai yi gashi ba ba ya iya daidaita zafin jikinsa, uwa ce ke rufe shi daga rana da sanyi. Ka kore ta, ka kuma cire rufin. Hoton ya yi kyau, ban musa ba, amma ni da zan iya da na roƙi masu kula da zauren nan a daina sa hoton sheƙa gaba ɗaya.

Sarkin Zumudi: Haba Anti, abin bai kai nan ba. Kurciya ce fa, ba wani tsuntsu mai ƙaranci ba. A kan tagar mutane ma tana sheƙa, ta saba da mu. Kuma bari in tambaya, tunda abin ya zama haka. Farantin ruwan da Baba ya ce a ajiye, shi ba shiga harkar tsuntsu ba ne? Kun tara su wuri ɗaya don ku samu hoto, kyanwa ta gane wurin, shaho ya gane. Ni na hau tsani minti biyar na zama mai laifi, ku kuna canza musu rayuwa kullum kun zama masu tausayi?

Injiniya: Gaskiya tambayar Sarki ba ta banza ba ce. Faranti na da nasa haɗarin, kuma ba kyanwa kaɗai ba. Akwai wata cuta ta maƙogwaro da aka daɗe da sani a jikin tattabaru da kurciyoyi, ƙwayarta Trichomonas gallinae. Tana sa wani abu kamar cuku ya toshe maƙogwaron tsuntsu har ya kasa haɗiya. Ta yawu take yaɗuwa, a ruwa da abincin da aka yi tarayya. A Birtaniya daga 2005 ta tsallaka zuwa ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba a lambunan gidaje, ta yi musu mummunar ɓarna, kuma wuraren ciyarwa da na sha da mutane suka kafa da kyakkyawar niyya suna cikin hanyoyin da ta bi. Don haka wanda ba zai iya zubar da ruwan kullum ya wanke farantin ba, gara kada ya fara. Ƙwayar ba ta jure bushewa, shi ya sa ake son faranti biyu, ɗaya na aiki ɗaya na shanya a rana. In ka ga tsuntsu ya kumbura gashi yana zaune sukuku, bakinsa a jiƙe, ka ɗauke farantin na 'yan makonni su watse.

Maman Biyu: Ga sauro ma. Ruwan da ya yi mako a ajiye ya zama gidan haihuwarsu.

Sarkin Zumudi: Yawwa. Ashe ba ni kaɗai ba ne.

Baba Mai Hoto: Ɗana Sarki, ka yi gaskiya rabi, kuma rabin nan ba ƙarami ba ne. Amma akwai bambanci. Tsuntsun da ya zo faranti, in bai yarda da kai ba zai tashi ya sha a wani wuri, bai rasa komai ba. Wanda ke kan ƙwai ko 'ya'ya ba shi da wannan zaɓin. Tsayawar da take yi har ka kusa taɓa ta, wadda kake kira sabo, ba sabo ba ne. Rasa yadda za ta yi ne.

Ba ina faɗa daga sama ba ne, ni ma na yi. Da ƙuruciya na samu sheƙar wani ɗan tsuntsu a cikin shinge, na ɗaure reshe gefe da zare don in samu haske, na ce in na gama zan kwance. Kwana uku ina zuwa. Ban lura da hankakan da ke kan rufi yana kallona ba. Hankaka yana lura da inda mutum ke yawan tsayawa. Rana ta huɗu na tarar da sheƙar a karkace, babu komai ciki. Fim ɗin yana nan har yau a akwati, sau ɗaya na wanke shi ban ƙara dubawa ba.

Sarkin Zumudi: Allah ya ba da haƙuri Baba. Amma hankaka na cin 'ya'yan tsuntsu ko da mai hoto ko babu.

Baba Mai Hoto: Yana ci. Sai dai wannan karon ni na nuna masa.

Anti Malama: A Birtaniya dokar kare namun daji ta 1981 ta ware jerin wasu tsuntsaye da ba a yarda a dame su a sheƙa ba, ko don hoto ne, sai da lasisi. Ba don sun ƙi masu hoto ba ne. Sun ga abin da ke faruwa.

Injiniya: Ni dai ban goyi bayan a hana hoton sheƙa kwata-kwata ba, Anti. Ya danganta. Marai fa? Sheƙarsu a fili take, goma-goma a bishiya ɗaya, namijin na saƙa da ɗanyen ganye, in ya gama ya rataye a ƙasanta kai a ƙasa yana kaɗa fukafukai don mace ta zo ta duba aikin. Daga mita 15 za ka ɗauki wannan ba wanda ya san kana wurin, kuma yana cikin mafi daɗin abin ɗauka. Ma'aunina shi ne: in tsuntsu ya bar abin da yake yi saboda ni, na yi kusa. In ya riƙe abinci a baki yana ta zagaye ya ƙi shiga, ni ne matsalar, in tafi.

Anti Malama: Wannan na yarda. Cilakowa ce misalin da ya fi ba ni tsoro. Macen na shiga kogon bishiya a liƙe ƙofar da laka da kashi, a bar 'yar tsaga. A ciki take zubar da manyan gashinta, ba ta iya tashi. Namiji ne kaɗai ke kawo abinci ta tsagar, ita da 'ya'yan duka. Wanda ya kafa kujera a gindin bishiyar nan ya hana namijin sauka, gida guda ya sa wa yunwa.

Ɗan Auta: Mujiya fa? Akwai wata da ke kwana a rufin wani kango kusa da mu, ina so in gwada da filashi da dare.

Baba Mai Hoto: Ka bar filashin, ka jira magariba lokacin da take fitowa, daga nesa. Kuma in tana da 'ya'ya kada ka kusanci wurin, wannan don kanka ne. Eric Hosking, ɗaya daga cikin manyan masu hoton tsuntsaye na Ingila, mujiya ce ta cire masa idon hagu a 1937, a kusa da sheƙarta. Bai bar sana'ar ba, amma da ido ɗaya ya ƙarasa ta.

Ɗan Auta: Na fasa.

Anti Malama: In ka ɗauka ma daga nesa, ka kashe alamar wuri a kyamarar wayarka kafin ka yaɗa. Hoto na ɗauke da inda aka ɗauke shi a cikinsa, ba kowa ne ke neman mujiya don ya kalle ta ba.

Sarkin Zumudi: To na ji. Tsanin na mayar wa mai shi. Na samo reshe mai ganye na ɗora daga sama inda na datse, daga ƙasa na miƙa da sanda, ban hau ba. Amma hoton ba zan goge ba.

Anti Malama: Ba wanda ya ce ka goge. Kada dai ka ƙara.

Mai Kurciya: Ni da na zo tambayar kyamara na samu makaranta. Tambaya ta ƙarshe: sunayen fa? Ban san rabin waɗanda nake gani ba.

Maman Biyu: Akwai manhajar Merlin, ta sashen nazarin tsuntsaye na jami'ar Cornell a Amurka, kyauta ce, tun 2014. Ka sauke kundin yankinku, ka ba ta hoto ta kawo maka waɗanda suka yi kama. A 2021 suka ƙara gane tsuntsu ta kukansa, sai dai wannan ɓangaren ya fi ƙwari a kan tsuntsayen Amurka da Turai. Don kuka ni xeno-canto nake shiga, shafin intanet da ake tara kukan tsuntsaye, in saurara in kwatanta. Kada ka ɗauki maganar manhaja kamar yankan wuƙa, ta taɓa ce min ganye tsuntsu ne.

Injiniya: In ka fara sanin su, ka riƙa shigar da abin da ka gani a eBird, shafin da mutane ke rubuta tsuntsayen da suka gani, su Cornell ɗin ne suka buɗe shi a 2002. Lissafin minti 15 daga tagarka yana da amfani ga masu bincike, ko da kurciya da gwara ne kawai. Hoto marar kyau ma hujja ne. Abu ɗaya: kukan da ka sauke don koyo ne, ba don ka kunna a lasifika ka kira tsuntsu ba. Namijin da ya taho a fusace yana neman kishiyan da babu shi, ya bar abinci da gida ne ya zo.

Mai Kurciya: Salam, na dawo da rahoto bayan kwana 12. Kwana huɗu na farko ko ƙuda bai sauka ba, har matata ta fara tambaya ko farantin nata zai dawo. Rana ta biyar gwara biyu. Ta bakwai kurciya ta sauka a reshen, ta yi kusan minti uku tana kallon wayar kafin ta yarda. Ga hoton, daga bidiyo na ciro kamar yadda Maman Biyu ta ce. Jelar ta fita waje, na sani. Amma ku duba ɗige-ɗigen baƙi da ke wuyanta, wata uku ina kallonta ban san tana da su ba. Jiya kuma alhudahuda ta zo, ta buɗe tukku a kan reshen, wayar tana ɗaki tana caji.

Maman Biyu: Hahaha, sannu da shiga layi. Haka suke yi, kamar ana gaya musu.

Sarkin Zumudi: Hoton ya yi, ƙanena, ban zaci waya za ta yi haka ba. Nawa rahoton: ɗaya daga cikin 'ya'yan ya tashi, ina ganinsa a kan katanga uwar na ba shi abinci. Ɗayan ban gan shi ba, sheƙar dai babu kowa. Wataƙila yana wata bishiyar.

Anti Malama: Allah ya sa.

Baba Mai Hoto: Ɗana Mai Kurciya, madalla. Gyara biyu. Wayar ta yi sama, kana kallon tsuntsuwar daga bisa kamar mai ba ta umarni. Sauke ta daidai tsayin idonta. Na biyu, idon ya fito baƙi ƙirin babu ɗigon haske a ciki, alamar rana na gefenta na can. Kada ka taɓa farantin tunda sun saba. Reshen za ka zagayar zuwa yamma da shi kamar taku ɗaya, wayar ta koma gabas. Ka yi da daddare, gobe ka sa caji tun kafin ka kwanta.